Tansy da Fitila

Daren da babu wata, iska na kaɗowa daga yamma,
shi ne darenmu.
Zomo ba ya jin taku in iska ta cika masa kunne.
Haka Hedley Charlton ya koya mini
a gonar tumakinsa, can saman kwarin Coquet,
shekarar da ya miƙo mini ke cikin hular ulu,
kina rawar ɗari, kina ƙarnin nono.

Uwarki mai kiwon tumaki ce, a wurinta kika sha hankali.
Ubanki ɗan tsere, dogon banza, bai san komai ba sai gudu.
Ke kika fito tsakani:
ƙirji mai zurfi, ciki a ɗame,
gashi kamar tsohuwar tsintsiya.

Wata goma sha huɗu ban sake ki kan zomo ba.
Sai da kika iya wuce tunkiya ba waiwaye,
sai da kika kawo mini ƙwai a baki
kika ajiye a tafina bai fashe ba.

Na kunna fitila, haske ya miƙe kamar sanda.
Can ƙarshensa jan ido ɗaya, a lafe cikin ciyawa.
Na saki bakin igiya.
Ba haushi, ba gurnani,
sai ƙarar ƙasa tana tashi a bayanki.
Ya karya hagu, kin karya.
Ya nufi shinge, kin riga shi.
Kika dawo da shi da ransa, ko gashi bai tuje ba,
ni na ƙarasa aikin da hannuna, da sauri,
don shi ma ba wasa ya fito ba.

Goma sha tara a dare guda, a gonar Elspeth Milburn.
Ta ƙirga su a bakin ƙofa, ta ce alkamarta ta huta,
ta ba ni shayi, ta ba ki ɓawon burodi
tana cewa kar in gaya wa kowa.

In mun dawo, ke ce farko, ni daga baya.
Ruwan ɗumi da gishiri a tsohon kwano,
ƙafa huɗu, yatsa bayan yatsa,
ina laluben ƙaya, ina duba farce.
Tawul, sannan tumbin saniya mai wari
wanda matata ta hana shiga kicin.
Takalmana na nan a ƙafata, jiƙe sharkaf,
har sai kin kwanta.

Hunturu na tara waya mai ƙaya ta same ki.
Sabuwa ce, an ja ta ranar Talata, ba wanda ya faɗa mini.
Na ji ƙararta kafin na ji taki.
Na saɓo ki a wuya, mil biyu cikin taɓo,
jininki na bin bayan rigata,
na bar zomaye shida rataye a shinge, dila ya gode.
Ɗinki ashirin da uku.
Likitar ta ce kafaɗar za ta warke, gudun ne ba zai dawo ba.

Yanzu jikarki ke bin hasken.
Tana da ƙafa, ba ta da haƙuri,
bakinta da ƙarfi, tana ɓata nama.
Za ta koya. Ko kuma ba za ta koya ba.

Na daina ajiye fitilar a cikin gida.
Tun la'asar nake ɓoye ta a mota,
in fita ta ƙofar baya, takalma a hannu kamar ɓarawo.
Duk a banza.
Da iska ta juya yamma kin riga kin tashi daga gaban murhu,
kin tsaya a bakin ƙofa, furfura a leɓe,
kin miƙo wuya
daidai tsayin da igiya ke shiga.